Yadda Ake Shirya Fitar Kallon Zane-zane da Kayan Fasaha a Ƙungiyance

Tun ranar da na saka hotunan fitarmu ta Zariya nake ta shan tambaya iri ɗaya, wai ya muke yi, nawa ake kashewa, sai wanda ya iya zane ake ɗauka, ana barin mutum ya shiga haka kawai ko sai da takarda. Na amsa ma mutum ya fi goma ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya gaji, to bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya ɗiba. Mu dai ba wasu masana bane, a cikinmu akwai tela, akwai malaman firamare biyu, akwai nas, akwai mai shagon waya, wanda ya karanci zane a makaranta mutum ɗaya ne tak. Wata-wata muke haɗuwa mu je mu kalli abin da hannun mutane ya yi, mu dawo mu yi ta musu a kai, shikenan. Daga Kano muke tashi, shi yasa yawancin misalan nawa na nan ne, amma tsarin ɗaya ne ko daga ina kuke.

1. Tara mutanen, amma kar su yi yawa

Ku fara da mutum 8 zuwa 14. Dalilin 14 ɗin ba wani sirri bane, shine abin da hayis ɗaya zata ɗauka kowa ya zauna a sake, kuma shine adadin da zasu iya tsayawa gaban zane ɗaya kowa ya gani ba sai an ɗaga ƙafa ba. Ku buɗe guruf a WhatsApp, mutum uku su riƙe aiki: mai tsara tafiya, ma'aji, da mai kula da lokaci. Na ukun nan ku nemo wanda baya jin kunyar cewa "jama'a a tashi", don wallahi shine zai cece ku.

Gargaɗi: kar ku saka link ɗin guruf a fili. Mun taɓa yi, kafin kwana biyu mun zama mutum ɗari da wani abu, ana ta turo tallan atamfa da sakon "tura wa mutum goma", ranar fita kuma mutum shida suka zo.

2. Zaɓen wuri

Anan ne mutane suka fi cewa ai mu Arewa bamu da galari, wato gidan baje kolin zane-zane, sai Legas. Ba haka bane, kawai dai namu ba duka ne ke da farin bango da AC ba.

Fitar farko ku yi ta a cikin gari, wadda ko adaidaita ma zata kai ku. A Kano akwai Gidan Makama, nan kusa da gidan Sarki, ginin da ke da asali tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Mutane na shiga su wuce kai tsaye wajen tsofaffin hotuna da kayan yaƙi, alhali ginin kansa shine babban abin kallo, ku ɗaga kai ku ga bakan gizon rufin ɗakunan da yadda aka jera azara, ku fito waje ku kalli zankwaye da zanen bango. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna. Akwai marinar Ƙofar Mata inda har yau ake rini da baba, nan kam aikin kuke gani ana yinsa a gabanku, daga ɗaurin ƙyalle har tsomawa da shanya, ga mabuga a gefe.

In kun fara sabawa sai Zariya. Sashen zane-zane na ABU a Samaru yana da lambun sassaƙe-sassaƙe a fili, ga situdiyo na ɗalibai, masu fenti daban, masu sassaƙa daban. Wurin nan ba ƙaramin wuri bane a harkar zane a Najeriya, a Zariya ne su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane a 1958, tun kafin makarantar ta zama jami'a a 1962. In kun dace da lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke baje aikinsu to kun tsinci dami a kala.

Masu nisa: Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, da tsofaffin kawunan yumɓu da aka tono na mutanen da, waɗanda ake kira Nok, ga kuma filin da aka gina kwatankwacin gine-ginen gargajiya har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Abuja akwai Thought Pyramid a Wuse 2 da galarin Nike a hanyar filin jirgi, sune irin masu farin bangon da ake magana, sannan Ushafa wajen masu tukwane, da Suleja inda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta yi aiki, matar nan da ke bayan naira ashirin. 'Yan Katsina kuna da gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ga hasumiyar Gobarau, 'yan Yamai kuna da gidan tarihi na Boubou Hama da masu sana'ar hannu a cikinsa.

Gargaɗi: wuri biyu a rana ya isa, uku in suna kusa da juna. Mun taɓa cusa biyar a rana ɗaya don a ci kuɗin mota, a na huɗu kowa ya koma neman benci, ba wanda ya tuna abin da ya gani.

3. Mutum ɗaya ya je ya leƙo tukun

Wannan matakin shi ake tsallakewa kuma shi ke kunyata mutane. Mako biyu kafin ranar, mai tsara tafiya ya je da ƙafarsa, in garin da nisa a nemi wani ɗan uwa ko aboki da ke can ya je. Kar ku dogara da lokacin buɗewa da kuka gani a intanet. Mun taɓa zuwa wani wuri mu goma sha biyu da sassafe, kowa ya sha wanka, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi yace mai makullin ya tafi ɗaurin aure.

Abin da zai tambayo: wace rana ake buɗewa, ƙarfe nawa zuwa nawa, ana buɗewa Asabar, nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro, ana rage wa ƙungiya, ana ɗaukar hoto, in ana ɗauka da kuɗi ne ko kyauta, akwai wanda zai zagaya da ku kuma yana jin Hausa, akwai banɗaki da wurin sallah, akwai matattakala (don masu ciwon ƙafa da iyayenmu in zasu biyo ku). Ya karɓo lambar mutum ɗaya takamaimai a wurin, ba lambar da ke jikin allo ba.

Wuraren gwamnati da jami'a suna son takarda. Gidan Makama da na Jos suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne, Gidan Ɗan Hausa na hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, na ABU kuma shugaban sashe ake rubuta wa. Wasiƙar layi biyar ce: ku su waye, ku nawa ne, wace rana, ƙarfe nawa, me kuke son gani, sai lambar waya. Ku kai kwafi biyu a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe, ranar zuwa ita zaku nuna a get. Galari masu zaman kansu yawanci shiga kyauta ne kuma kiran waya ya wadatar, amma ku kira ɗin, don akwai ranakun da suke sauke zanuka suna rataya sababbi, in kun je bango zaku kalla.

4. Rana da lokaci

Asabar da safe ta fi mana, ƙarfe 10 zuwa azahar. Juma'a ku barta, musamman cikin birni wajen gidan Sarki, cunkoson masallaci kaɗai zai cinye muku ranar. Kwanakin hawan sallah ma haka. Jami'a ita kuma akasin haka ce, ranar aiki ake zuwa in ana son a tarar da ɗalibai a situdiyo, ku tabbatar ba hutu ake ba, ba jarrabawa ba, ba yajin aiki ba. Marina da safe kafin rana ta take. Da azumi mu kam hutawa muke, tsayuwar awa biyu ba ruwa ba wasa bace.

Kano zuwa Zariya ku ware awa biyu zuwa biyu da rabi a hanya, a tashi ƙarfe 7, a juyo da la'asar don kar dare ya yi muku a titi. Jos da Abuja ba tafiyar yini ɗaya bace, sai da kwana, wannan sai ƙungiya ta yi ƙwari.

Gargaɗi: in kun ce 7, mota ta tashi 7 da kwata ko waye bai zo ba. Sau ɗaya zaku bar mutum, daga ranar kowa zai gyara.

5. Lissafin kuɗi

Abubuwa huɗu ne: mota, kuɗin shiga, ruwa da abinci, sai ihsani ga wanda ya zagaya da ku. Farashi kullum canjawa yake da kuɗin mai, saboda haka ga yadda ake lissafin da lambobin misali kawai, ku saka naku. A ce direba ya yarda da shata zuwa da dawowa a 60,000, abinci da ruwa 2,000 kowane mutum sau 14 ya zama 28,000, shiga da ihsani 14,000, jimla 102,000. Ku ɗora 10,000 na ko-ta-kwana, faci ne, ƙarin ruwa ne, kuɗin kamara ne da ba'a faɗa muku ba. Ya zama 112,000, a raba 14, kowa 8,000. Fitar cikin gari kuwa ba shata, kowa ya kawo kansa a haɗu a ƙofa, abin da za'a tara kaɗan ne.

Da direba ku yi magana ƙarara: kuɗin ya haɗa da mai, ya haɗa da jira, ƙarfe nawa za'a juyo, ba zai ɗauki fasinja a hanya ba. A bashi kafin alƙalami, cikon sai an dawo.

Gargaɗi, kuma wannan ne ke raba zumunci: "in sha Allah zan zo" ba kujera bace, alat ne kujera. A rufe karɓar kuɗi ranar Laraba, wanda ya fasa bayan nan ba'a mayar masa da kuɗin mota sai dai ya kawo wani a madadinsa, don motar ba zata rage kuɗi ba saboda shi. Ku faɗi wannan tun farko a rubuce. Sannan ma'aji ya riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, ba ko'ina ake karɓar tiransifa ba, ga netwok ba amana.

Mu muna ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya a kowace fita, kowa ya ƙara ɗan wani abu. Ba dole bane amma yaran nan su suka fi kowa tambaya mai ma'ana.

6. A faɗa wa mutane abin da zasu gani

Kwana uku kafin tafiya a tura sanarwa: wurin haɗuwa, lokaci, da abin da za'a riƙo, wato ƙaramin littafi da fensir (ba biro ba, wasu wuraren basa son tawada kusa da kaya), takalmi mara tsini, pawa bank, katin shaida saboda get ɗin jami'a, ƙaramar jaka. Masu zuwa marina kar wanda ya saka farar shadda, na faɗa muku.

Sai maganar da ba'a son yi amma dole ce. A wasu wuraren akwai mutum-mutumi, akwai zanen mutane, wani lokacin ma jiki ba sutura sosai, musamman a situdiyon ɗalibai da galarin Abuja da Legas. A cikinmu akwai wanda baya son tsayawa gaban irin wannan saboda fahimtarsa ta addini, akwai wanda bai ɗauke shi komai ba, kuma mu ba zauren fatawa muka buɗe ba. Abin da muke yi shine wanda ya leƙo wurin ya faɗa tun a gida cewa ɗaki kaza akwai kaza, wanda zai tsallake ya tsallake ba mai yi masa dariya, wanda zai shiga ba mai yi masa wa'azi. Kuma muna cakuɗa fitar, wata ɗaya zane da sassaƙa, wata na gaba rini, tukwane, gini, ɗinkin hannu ko allon zayyana, kowa ya samu nasa. In da yara a tafiyar, iyayensu su san wannan kafin su bada su.

7. A bakin ƙofa

Mutum ɗaya ne zai yi magana da ma'aikata, ya gaisa da kyau, "Baba sannu da aiki, mune baƙin da muka kawo takarda", ya biya na kowa a dunƙule ya karɓi rasit. A ƙirga mutane kafin shiga. Sannan a tuna wa kowa: ba taɓawa ko da ɗan yatsa ne, maiƙon hannu yana ɓata fenti da tsohon ƙyalle, ba jingina da bango ko akwatin gilashi, ba ci ba sha a ciki, jakar goyo a dawo da ita gaba kar a juya a ture tukunyar mutane, waya a sailent, hoto ba filasha.

A marina ko wajen masu tukwane ku tuna wurin neman abincin mutane ne. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki fuskar mutum, kuma a sayi wani abu ko ƙaramin ƙyalle ne, bai dace mutum goma sha huɗu su tsayar da dattijo awa guda yana bayani su tafi da "mun gode" kawai ba.

8. Kallon kansa

To ga inda duk wahalar take zuwa ta biya ko ta tashi a banza. In kun bar mutane haka, abin da zai faru shine kowa zai zaro waya, ya juya wa zanen baya, ya ɗau selfi, minti ashirin an gama an fito ana tambayar ina za'a ci abinci. Haka fitarmu biyu na farko suka kasance, na dawo gida da hoto ya fi ɗari ban iya tuna kalar zane ko ɗaya ba.

Yanzu ga yadda muke yi. Minti goma na farko waya a aljihu, ba magana, kowa ya zagaya shi kaɗai. Bayan nan kowa ya koma wajen abu ɗaya da ya riƙe shi, ko don ya burge shi ko don ya bashi haushi, duka biyun sun yi. Ya tsaya gabansa minti biyar cur, mai kula da lokaci na dubawa. Minti biyar ɗin nan zaku ji kamar awa, a minti na biyu zaka ji ka gama gani, daure, a na huɗu ne zaka fara ganin abin da baka gani ba. Ka ja baya taku biyar ka kalla, ka matso kusa ka ga sawun buroshi ko sawun yatsa a jikin yumɓu. Takardar bayanin da ke gefe ita ce ta ƙarshe da zaka karanta, in ka fara da ita to da idon wanda ya rubuta zaka kalla.

Sai a taru a bi zaɓin mutum huɗu ko biyar, a tsaya gaban kowanne, mai shi ya amsa tambaya uku: me ka gani, da me aka yi shi, ina idonka ya fara sauka. Lura, ba'a ce me yake nufi ba. Tambayar "me yake nufi" ita ke sa mutane su yi shiru don tsoron kar su faɗi ba daidai ba, amma "me ka gani" ko yaro zai amsa, kuma daga nan ma'anar ke fitowa da kanta.

Dole sai an samu wanda zai tsaya gaban zanen da ba mutum ba dabba, kaloli ne kawai da layuka, yace wannan ai ɗana ma zai yi. Kar a hana shi, a tambaye shi wace kala aka fara shafawa, wacce ce ta ƙarshe, sai ka ga ya matsa kusa ya yi shiru. Telan cikinmu ne ya kashe wannan musun wata rana, yace shi shekara nawa yana ganin aska takwas a gaban babbar riga ba wanda ya taɓa tambayarsa me take nufi kafin yace ta yi kyau, ana duba tsaftar aikin ne da yadda zaren ya kwanta. Wallahi tun daga ranar na daina jin tsoron irin waɗannan zanukan.

Gargaɗi: wanda ya karanci zane a cikinku shi zai yi magana a ƙarshe, in ya fara kowa zai koma "haka ne, haka ne". Mai zagayawa da ku shima ku roƙe shi da ladabi ya baku minti goman farko kafin ya fara bayani. Bayan an gama duk wannan sai a saki mutane su yi hotonsu, minti goma sha biyar, har da na ƙungiya a bakin ƙofa.

9. In kun haɗu da mai zanen, ko kuna son saye

Ranar buɗe baje koli ita ce ranar da ake samun mai aikin a tsaye, yawanci da yamma kuma kyauta, sai dai cunkoso da surutu ba zasu bari ku yi kallon nutsuwa ba, kuma a wasu wuraren ana zagayawa da abin sha iri-iri, ku tambaya kafin ku ɗauka. Ku tambaye shi yadda ya yi aikin, kwana nawa ya ɗauka, me ya bashi wahala, masu zane suna son wannan tambayar fiye da "me kake nufi".

In ka ga ɗan jan ɗigo a manne gefen zane, an saye shi kenan. Farashi yana takarda a teburin shiga, ka tambaya a hankali, kar ka tsaya gaban mutum kana "haba, wannan ɗin?" kamar kana Kantin Kwari. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da aikin ɗalibai ko ƙananan zanen takarda, a sa mai shi ya sa hannu da shekara.

Gargaɗi: in wani ya ja ka gefe a waje yace yana da kan Nok ko wani tsohon abu da aka tono, ka wuce. Ko jabu ne ka yi asara, ko na gaske ne ka shiga hannun hukuma, don doka ta hana cinikin irin waɗannan kayan ba da izini ba.

10. Kafin a watse

Kar a rabu a bakin get. A samu inuwa ko wajen mai shayi ko inda za'a ci abinci a zauna rabin awa, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai ɗauka ya kai gida in da za'a bashi, da dalili. Mutum ɗaya ya rubuta a littafin ƙungiya tare da kwanan wata, sunan wurin, sunayen masu aikin da kuka gani, abin da aka kashe, da lambar wanda ya karɓe ku, shekara na zagayowa littafin nan zai rage muku rabin wahalar mataki na 3. A ƙirga mutane kafin mota ta tashi. A cikin motar a tsaida ranar fita ta gaba da wanda zai je leƙe, don in aka bari sai an koma guruf to sai bayan wata uku. Da daddare ma'aji ya turo lissafi dalla-dalla har da canjin da ya rage, washegari kuma mai tsara tafiya ya kira wanda ya zagaya da ku ya yi masa godiya, in kun saka hoton aikin wani a Facebook ko Instagram ku rubuta sunansa a ƙasa.